Daga Fagen Noma Zuwa Zauren Sarki: Kafuwar Ƙungiyar Kiɗan Gidan Ɗanƙwairo da Bunƙasarta



Abin da aka nemi in yi bayani a kansa a yau shi ne yadda ƙaramar ƙungiyar makaɗa take kafuwa a cikin al'umma, da yadda take girma, da abin da yake ciyar da ita har ta daɗe. A ƙasashen Turai akwai okestira babba, wadda takan tara makaɗa 80 ko fiye a dandamali guda, akwai kuma ƙarama wadda suke kira ta ɗaki, domin asalinta a cikin gidajen sarakuna da attajirai take wasa, a gaban mutane kaɗan. Ni dai na fi son in kira wannan iri kiɗan zaure, saboda a wurin Bahaushe ɗaki na kwana ne, zaure kuwa nan ne maigida yake zama da baƙinsa.

Da yawa daga cikin 'yan bokonmu suna tsammanin tsararriyar ƙungiyar kiɗa, mai shugaba da mataimaki da horo da rabon aiki, sai a Turai. Namu kuwa, in an tashi ambatonsu, sai a haɗa su gaba ɗaya a ce maroƙa, a wuce wurin. Wannan ra'ayi bai yi wa tarihi adalci ba. Domin in nuna haka zan ɗauki gida guda ɗaya in bi sawunsa, watau gidan da ya haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. Ƙasar da gidan ya fito ba baƙuwarku ba ce, ku mutanen Zuru, don wanda ya bar nan ya bi hanyar Daki Takwas ya riga ya taka ƙasar Zamfara, kuma da wuya a sami wani a wannan zaure wanda bai taɓa jin muryar Ɗanƙwairo a rediyo ko a kaset ba.

Asalin gidan

An haifi Musa a shekarar 1909 a ƙauyen Ɗankadu cikin ƙasar Bakura. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, kuma shi ma gadon kiɗan ya yi. Wannan batu na kiɗan noma ya kamata mu tsaya a kansa kaɗan, domin a nan ne tushen kome yake. Makaɗin noma ba don nishaɗi kawai ake gayyatarsa gona ba. Aikinsa shi ne ya daidaita saran fartanya ko garmar mutane masu yawa, ya zuga gwani, ya yi wa rago zambo har kunya ta sa ya miƙe. Ku da kuke da al'adar Golmo, inda samari suke haɗuwa su yi wa surukai noma shekara da shekaru, ba sai an tsaya gaya muku yadda murya ɗaya take ɗaga ƙarfin mutum 30 ba. To, wanda ya tashi a irin wannan fage ya koyi abubuwa biyu tun yana yaro: riƙe amo ba tare da kuskure ba, da sanin lokacin da jama'a suka gaji don a sauya musu taki. Makarantar farko ke nan ta wannan ƙungiya, kuma ta al'umma ce, ba ta fada ba.

Daga baya gidan ya koma Maradun, ya shiga hidimar Sarkin Kaya, kotso ya zama abin kiɗansa. Da ragama ta bar hannun Ɗankwanda, sai ta faɗa hannun babban ɗansa, Abdu Kurna, Musa kuwa ya zama daudun kiɗi, watau mataimakin shugaba kuma mai jiran gado. An ce laƙabin Ɗanƙwairo ya samo shi ne daga wani baran mahaifinsa mai wannan suna, wanda ya yi fice da zaƙin murya, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai sunan ya bi shi. Ya daɗe yana karɓi a bayan wansa kafin ya ja tasa ƙungiyar. Ina so ɗalibai su lura da wannan: mutumin da daga baya ya zama jagoran da babu kamarsa, shekaru ya yi yana amsa waƙar wani. A wannan sana'a ba a fara jagoranci da rana tsaka.

Yadda aka tsara ƙungiyar

Kotso ganga ce mai siririn tsakiya kamar kalangu, sai dai baki ɗaya kaɗai ake rufe mata da fata, kuma da hannu ake kaɗa ta, ba da gula ba. Ana liƙa nake a tsakiyar fatar don ya ba ta zurfin amo. Makaɗi yana rataya ta a kafaɗa, ya matse tsarkiyarta a ƙarƙashin hammata ko ya sassauta, sautin ya hau ko ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wannan hawa da sauka shi yake sa ganga ta iya faɗin take, mai sauraro ya gane wanda ake nufi tun ba a buɗe baki ba. Kotso ba ya da ƙarar tambari ko kakaki. Waɗannan na fili ne, na hawan salla da ranar naɗi. Kotso da ɗan'uwansa taushi na kusa ne, amonsu yana barin wuri don a ji kalma, shi ya sa na ce kiɗan zaure ne na haƙiƙa.

Irin wannan ƙungiya ba ta cika wuce mutum 10 ba. Akwai jagora, akwai daudunsa, akwai masu karɓi, waɗanda galibi su ne kuma masu kiɗan, sa'an nan akwai sanƙira, wanda shi ba ya waƙa, sai dai ya yi kirari, ya fayyace abin da jagora ya dunƙule, ya kuma shelanta kyautar da aka yi. Kowa ya san matsayinsa a tsaye, ya kuma san shi a wurin rabo.

Amma inda gidan Ɗanƙwairo ya yi zarra shi ne wajen sarrafa muryoyi. Manazarta waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, sun fayyace mana cewa waƙar fada tana da gindi, watau jimlar da ake komawa gare ta, tana kuma da ɗiya, watau rassan da ake ɗorawa a kan gindin. A wurin makaɗi irin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, aikin 'yan amshi shi ne su maimaita gindi, shi kuwa ya yi ta zuba ɗiya yadda Allah ya hore masa, sau da yawa nan take. Ɗan Maraya Jos ma ko 'yan amshin bai nema ba, shi da kuntiginsa sun isa. Ba haka abin yake a gidan Ɗanƙwairo ba. A nan jagora yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, masu karɓi su tarbe ta su ƙarasa. Wani lokaci su raka shi, muryarsu a kan tasa, har ƙarshen saɗara. Wani lokaci su yi ƙari, su kawo zancen da shi bai faɗa ba sam. Wani lokaci kuma su rabu gida biyu, wannan sashe ya miƙa wa wancan, wancan ya mayar, abin da ake kira karɓeɓeniya, jagora yana tsaye yana sauraro kamar ba shi ya ƙulla abin ba, sai can ya faɗo da murya ya ɗaure ɗan waƙar, a koma gindi.

Duk mai hankali ya san wannan ba ya yiwuwa da ka. Ɗan karɓi ba zai ƙarasa jimlar da bai san ƙarshenta ba. Ashe ke nan waƙar an shirya ta tun a gida, an bita, an gyara, kowa ya haddace inda zai shiga da inda zai yi shiru. Abin da Bature yake rubutawa a takarda ya ajiye a gaban kowane makaɗi, su a ƙirji suka rubuta shi. Kuma a ganina wannan ne dalilin da ya sa irin waɗannan ƙungiyoyi suka fi tsayuwa a kan 'yan gida ɗaya, wa da ƙane da ɗa da ɗan'uwa. Ba son kai ba ne. Haɗuwar numfashi irin wadda tarbe yake bukata sai mutanen da suke kwana gida ɗaya, suke noma gona ɗaya da damina, suke tafiya tare da rani.

Ba Ɗanƙwairo kaɗai ya yi wannan salo ba, kada a ce na yi son zuciya. Yankin Sakkwato da Zamfara da Kabi ya cika da irinsu. Ga Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, wanda wajen zurfin magana ni ban ga na biyunsa ba. Ga Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya rasu a 1973. Ga Sa'idu Faru na Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Ga kuma maƙwabtanku na Yawuri, gidan Aliyu Ɗandawo, wanda ɗansa Sani ya gaje shi. Abin da ya bambanta Ɗanƙwairo shi ne ya kai rabon muryoyi matuƙa, kuma ya yi tsawon ran da ya ga zamani uku.

Ubangida da abin da yake saye

Kowace ƙungiyar kiɗa, a ko'ina take a duniya, tambayarta ta farko ita ce wa zai ciyar da mu. A nan zan ɗan leƙa Turai, domin kamannin yana da ban mamaki. A shekarar 1761 wani makaɗin Ostiriya mai suna Josef Haidin ya shiga hidimar gidan sarautar Estahazi na ƙasar Hangari. Yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta wajabta masa sa tufafin barorin gidan, da zuwa kullum ya ji ko maigida yana bukatar kiɗa, kuma duk abin da ya tsara mallakar maigida ne, ba shi da ikon ba wani. Makaɗan da ke ƙarƙashinsa ba su wuce 25 ba ko a lokacin da suka fi yawa. Shin wannan ba makaɗin fada ba ne? Har habaici ma ya iya. A 1772 sarkin ya tsare makaɗansa a gidan shaƙatawarsa fiye da ƙa'ida, suka ƙosa su ga iyalinsu. Haidin bai ce uffan ba. Sai ya tsara wani kiɗa wanda a ƙarshensa makaɗan suke tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya hure kyandirinsa ya fita, har ya rage masu goge biyu. Sarki ya gane, aka sallame su. Duk wanda ya san yadda makaɗin fada yake tuna wa sarki alkawarin doki ba tare da ya ambaci doki ba, ya san wannan dabara.

Ubangida yana ba da gida da gona da hatsi da riga da doki, daga baya aka shiga zamanin mota da kujerar Makka. Abin da yake samu shi ne suna, da tarihin kakanninsa a bakin jama'a, da zambo ga 'yan'uwansa masu haƙon sarautarsa. Amma akwai abin da yake saya wa makaɗan wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne lokaci. Mutumin da ba ya fargabar abincin gobe shi yake iya kwana yana gyara saɗara ɗaya. Ingancin waƙar fada daga nan ya fito. Farashinsa kuwa shi ne makaɗi ba ya waƙar kowa sai da izini, kuma ba ya faɗin aibin mai ciyar da shi.

Ɗanƙwairo ya yi hidimar Maradun, ya yi ta 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu, sa'an nan sunansa ya kai kunnen Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Wannan haɗuwa ita ta fitar da ƙungiyar daga lardi guda ta kai ta Arewa duka. Ta kuma zo daidai da wani sabon abu: a 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, muryar da dā sai wanda ya sami shiga zaure yake jin ta, yanzu ga ta a shagon tela da rumfar mai shayi. Hausar Sakkwato da ke bakinsu, wadda Bakano yake yi wa dariya a kasuwa, sai ga shi yana haddace ta.

Ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka raba Arewa jihohi a 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali. Mai lissafi zai ce ƙarshen kiɗan fada ya zo. Abin da ya faru ya saɓa wa haka. Shi ma Haidin, da ubangidansa ya rasu a 1790 magajinsa ya watsa makaɗan gidan, sai ya tafi Landan a 1791 ya yi wa jama'a masu biyan kuɗin shiga kiɗa, kuma a can ya tsara wasu daga cikin manyan ayyukansa. Haka Ɗanƙwairo, da babbar inuwa ta gushe, bai sake zama na mutum ɗaya ba. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, ya yi wa sarakuna da hakimai da attajirai a ko'ina cikin Arewa. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya haifar da sababbin masu kyauta, kaset kuma ya kai waƙa inda rediyo bai kai ba. Ƙungiyar ta fi kowane lokaci arziki da suna. Ko ta fi kowane lokaci inganci, wannan wata magana ce. Ni ina ganin waƙar da aka yi wa ubangidan da aka zauna da shi shekaru, aka san kakanninsa da abokan gabansa, ta fi wadda aka yi wa mai kuɗin da aka sani jiya nauyi, ko da kuwa kiɗan iri ɗaya ne.

Ya rasu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. 'Ya'yansa, a ƙarƙashin wanda aka fi sani da Daudu, suka ci gaba da kiɗan, jikoki ma suka bi baya.

Wa zai maye gurbin sarki?

Abubuwa uku suka taru a kan irin waɗannan ƙungiyoyi bayan rasuwarsa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne boko, wanda ya ɗauke 'ya'yan makaɗa daga bayan iyayensu a shekarun da ya kamata su koyi karɓi, ya kuma koya musu jin kunyar sana'ar gidansu. Na biyu shi ne fiyano. Tun daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, mutum ɗaya a ɗakin ɗaukar murya yana iya fitar da amon ganga da algaita da goge daga na'ura guda, mawaƙi ya ɗora muryarsa, a gama a yini ɗaya. Ban ga laifin matasan da suka bi wannan hanya ba, ciyar da mutum 2 ya fi ciyar da mutum 10 sauƙi. Sai dai na'ura ba ta matse tsarkiya ta bi karin kalma, kuma ba ta tarbe. Na uku, wanda ya fi su duka muni, shi ne rashin zaman lafiya. Maradun da Tsafe da Bakura da Isa, garuruwan da suka haifi wannan fasaha, suna cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi addaba tun daga shekarun 2010, kuma ku a ƙasar Zuru, musamman Danko da Wasagu da Sakaba, kun ɗanɗani irin wannan masifa. Ƙungiyar da rayuwarta ta dogara ga noma da damina da tafiya da rani, in an hana ta gona an hana ta hanya, me ya rage mata?

A wasu wurare jama'a da kansu suka ɗauki nauyin da sarki ya sauke. A Legas, a 1983, wasu masu sha'awar kiɗa, cikinsu har da akanta Akintola Williams, suka kafa ƙungiyar MUSON, wadda daga baya ta gina cibiyarta a Onikan da makarantar koyon kiɗa. A Kinshasa kuwa, a 1994, wani tsohon matuƙin jirgin sama, Arman Diyangiyenda, ya tara mabiya cocin Kimbangu, mafi yawansu masu wata sana'ar dabam da rana, suka fara koyon kiɗan okestira da goge 'yan kaɗan da suke karɓa-karɓa, in tsirkiya ta tsinke su ɗaura wayar birkin keke. Ba su da sarki, ba su da gwamna, amma ƙungiyar ta girma har ta yi wasa a Turai.

Ba sai mun je Kwango neman darasi ba. Masu mandiri na Ƙadiriyya, da ƙungiyoyin Zumuntar Mata na majami'un wannan yanki masu kiɗan tukunya, da makaɗan da suke fitowa lokacin Uhola, duk ƙungiyoyi ne da suke tsaye da ƙafarsu, da karo-karon 'ya'yansu, suna da ranar bita, suna da shugaba, suna horon na baya. Ƙasar nan kuma, da ta ba Nijeriya sojoji masu yawa, ba ta rasa tsofaffin 'yan badujala da suka iya karanta rubutaccen kiɗa suna zaune a gida. Abin da ya rage shi ne wannan tsari na al'umma ya haɗu da waccan gwaninta ta fada.

A nan maganata ta komo kanku, ma'aikatan gwamnati. Jihohinmu suna da hukumomin raya al'adu, wasunsu har da makaɗa masu albashi. Amma galibi ba a tuna su sai baƙo zai sauka, a jera su a rana a filin jirgi, su yi minti 5, a ba su na goro. Wannan ya ba su abinci, bai ba su abin da Sarkin Kaya ya ba gidan Ɗankwanda ba, watau zaure da masu sauraro da suka san bambancin kyakkyawan karɓi da gurɓatacce. Ɗaki guda a sakatariya ko a makaranta, da dare guda a kowane wata da za a zauna a saurari ƙungiya ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshenta, bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ba.

Ku kuma ɗalibai, kowannenku yana da na'urar ɗaukar murya a aljihunsa wadda ta fi wadda aka ɗauki Narambaɗa da ita. In kun je ɗaukar irin waɗannan makaɗa, kada ku kafa wayar a bakin jagora kaɗai kamar yadda aka saba, domin ta haka ne muryoyin masu karɓi suka dushe a yawancin tsofaffin faya-fayanmu. Ku tsaya a tsakiya. In an gama, ku nemi dattijon da ya fi daɗewa a layin baya, ku roƙe shi ya rera nasa kason shi kaɗai, ya nuna muku inda yake shiga da abin da yake jira ya ji kafin ya shiga. Sa'an nan ku rubuta sunan kowane mutum da garinsu da wanda ya koya masa, don a bayan kaset ɗin dā sunan jagora kaɗai ake bugawa.